Yadda na fitar da layin fallo daga namiji guda ɗaya

Bajeriga, ƙaramin akun nan mai doguwar jela da ake kiwo a keji, asalinsa tsuntsun Ostareliya ne. A dajin can kore ne shar, kansa rawaya, bayansa da fuka-fukansa kuma da zane-zanen baƙi. John Gould ne ya kai shi Ingila da rai a 1840, daga nan masu kiwo a Turai suka shiga fitar da launuka iri-iri: shuɗi, rawaya zalla, fari fat, rodi-rodi. Wanda ya tsaya mini a rai a cikinsu shi ne wanda ake kira fallo. A jikin fallo, duk inda baƙi ya kamata ya fito sai ya fito ruwan ƙasa, launin ƙirji da ciki ya dusashe kamar rigar da ta sha wanki har ta koɗe, sai can wajen kuturi ne kawai ake ganin ragowar kore ko shuɗi sosai. Ƙafafunsa ruwan hoda ne, idanunsa kuwa ja. Ya fara bayyana a hannun masu kiwo wajen shekarar 1930, kuma har yau bai taɓa yawa ba.

Dalilin ƙarancinsa ba ɓoyayye ba ne. Gadon fallo irin wanda ke laɓewa ne. Kowane tsuntsu yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, kuma launin ba zai fito a jiki ba sai ƙwayoyin biyu duk sun zama na fallo. Idan ɗaya ce kawai, tsuntsun zai tashi kore ko shuɗi kamar kowa, baƙin ido, babu wata alama a jikinsa, alhali yana ɗauke da abin a ciki. Irin waɗannan nake kira masu ɓoye. Lissafin dai shi ne wanda Gregor Mendel ya wallafa a 1866 bayan gwajin da ya yi da wake, bai canza ba ko kaɗan.

Da namiji ɗaya tak na fara. Wani dattijo da ya daɗe yana kiwo ne ya ba ni shi lokacin da yake rage tsuntsayensa saboda ƙarfi ya fara ja baya. Tsuntsun ba abin nunawa ba ne: ƙarami, ɗan siriri, kansa a matse, yana ƙyafta ido idan haske ya yi yawa. Fatar saman bakinsa, wadda a mazan bajeriga take zama shuɗiya, a wajensa ruwan hoda ce mai ɗan duhu, haka kuwa mazan fallo suke. Na ce wa dattijon, "Baba, ai sai a haɗa mini da macen irinsa." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ko ina da ita ba zan ba ka ba. Nemo masa babbar mace baƙar ido, lafiyayya. Jan idon yana nan, ba gudu zai yi ba."

Na ware shi shi kaɗai kusan wata guda kafin ya haɗu da sauran tsuntsayena, kamar yadda ake yi wa kowane baƙon tsuntsu. Macen da na zaɓa masa ita ma na raba ta da maza na wasu makonni, domin macen bajeriga tana iya riƙe maniyyin namijin da ta sadu da shi na kwanaki, kuma ƙwai ɗaya da ba a san ubansa ba ya isa ya rikita lissafin shekara biyu. Saboda wannan dalilin ne ma aikin ba ya yiwuwa a babban keji da ake zuba tsuntsaye su yi ta harkarsu. Kowane namiji da macensa, keji nasu daban, akwatin ƙwai nasu daban.

Wani abu da ya sa na ji daɗin cewa namiji ne a hannuna ba mace ba shi ne batun launukan da ke bin jinsi. A bajeriga akwai launuka irin su sinamon (mai zanen ruwan ƙasa maimakon baƙi) da lutino (rawaya zalla mai jan ido) da albino (fari fat mai jan ido) waɗanda ƙwayar gadonsu ke zaune a kan abin da ke rarrabe namiji da mace. Namiji yana iya ɓoye su, mace ba ta iyawa: idan tana da shi sai an gani a jikinta. Don haka idan ka ɗauko baƙuwar mace baƙar ido, ka tabbata ba ta shigo maka da sinamon ko lutino a ɓoye ba. Da namiji na je nema daga waje, da sai na yi ta zullumin abin da ya ƙunso, kuma waɗannan launukan su ne manyan masu kawo ruɗani a aikin fallo, tunda su ma 'ya'yansu da jan ido ko mai kama da ja suke fitowa daga ƙwai.

Akwatin ƙwan na katako ne, ƙasansa da ɗan kwarmi don ƙwai su taru wuri ɗaya kuma ƙafafun 'ya'ya kada su baje. Na rataya musu farin ƙashin nan na dabbar teku da tsuntsaye ke gwaguya saboda kalsiyum, na ƙara musu dafaffen ƙwai da ganye a kan tsabar da suka saba ci. Da fatar hancin macen ta koma ruwan ƙasa mai kauri, ta fara ɓantarar duk katakon da bakinta ya kai, na san lokaci ya yi. Ta riƙa sa ƙwai ɗaya, ta tsallake kwana, ta sa wani. Bayan kamar mako guda da fara kwanci na haska ƙwayayen da ƙaramar tocila a cikin duhu, na ga jajayen jijiyoyi sun bazu a cikin yawancinsu. Nan hankalina ya kwanta, domin abin da na fi tsoro shi ne namijin ya kasa, ganin yadda ake yawan kuka da raunin fallo.

Kwana 18 ƙwan bajeriga ke yi kafin ya ƙyanƙyashe, kuma tunda ba rana ɗaya aka sa su ba, 'ya'yan ma bi da bi suke fitowa. Duk sun fito da baƙin ido. Wani abokina da ya zo gani ya ce, "To ina jan idon? Kai dai an sayar maka da gaibu." Ni kuwa abin da nake jira ke nan. Na farko, fallo da wadda ba ta ɗauke da gadon ba za su taɓa ba da fallo a karon farko ba, amma kowane ɗa da suka haifa mai ɓoye ne, babu tantama a ko ɗaya. Na biyu, wannan sheƙar ta warware mini wata shakka. Akwai launin da ake kira lesiwin, mai jan ido da zanen ruwan ƙasa, wanda ake yawan ruɗa shi da fallo, shi kuma jinsi yake bi. Da namijina lesiwin ne, da dukkan 'ya'yansa mata sun fito da jan ido tun daga wannan karon. Matan sun girma baƙaƙen ido, koraye shar. Ke nan abin da ke hannuna fallo ne na gaskiya.

Kowane ɗa na sa masa rufaffen zobe mai lamba a ƙafa tun yana ɗan mako guda da 'yan kwanaki, lokacin da yatsun ke iya shigewa amma zoben ba zai zame ba. Ana haɗa yatsun gaba a tura su, sannan a kwantar da na baya a jikin ƙafa a zare su a hankali. In an makara kwana biyu kawai ƙafar ta yi girma, shi ke nan. Lambar zoben kuma tana shiga littafi tare da lambar uba da ta uwa da ranar ƙyanƙyasa da launin ido a ranar farko. Wanda bai taɓa kiwon launi mai laɓewa ba zai ga kamar ƙaƙale ne. Amma bayan sun sake gashi a wata 3 zuwa 4, mai ɓoye da wanda ba ya ɗauke da komai ba su da bambanci ko na gashi ɗaya. Tsuntsun da zobensa ya ɓace ko lambarsa ba ta cikin littafi, a wajena ya fita daga aikin.

Daga nan hanya ta rabu uku. Zan iya mayar da 'ya ga ubanta, wanda zai ba ni fallo rabi da rabi. Zan iya haɗa wa da ƙanwa, in samu 1 cikin 4. Ko kuma in sake haɗa namijin da wata mace daban wadda ba ta da dangantaka da ta farko, sannan in haɗa 'ya'yan ɗakunan biyu, 'yan uba ke nan, shi ma 1 cikin 4. Ta farkon ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma da yawan masu kiwo ita suke bi. Ni ta ukun na ɗauka. Namijina ƙarami ne mai rauni, kuma 'ya'yan da za a samu tsakaninsa da 'yarsa kashi 75 cikin 100 na jininsu nasa ne. Launin zai fito da wuri, amma tare da ƙanƙantar jiki da raunin da nake son kauce wa. Na gwammace in ƙara shekara.

Shekarar jira ce kuwa, don ba na haɗa tsuntsu sai ya kusa shekara da haihuwa. Mace ƙarama ita ce ƙwai ke maƙale wa, kuma abin yana kisa.

Da na haɗa 'yan uban, sheƙar farko ba ta ba da jan ido ko ɗaya ba. A nan ne mutane da yawa ke karaya, su fara zargin cewa an cuce su ko littafinsu ya yi ƙarya. Maganar 1 cikin 4 ba tana nufin in an sa ƙwai 4 dole ɗaya ya zama fallo ba. Kowane ƙwai da rabonsa, bai san abin da ɗan'uwansa ya zama ba. Idan ka lissafa, yiwuwar 'ya'ya 4 su fito duk baƙin ido daga masu ɓoye biyu ita ce 81 cikin 256, wato kusan sheƙa ɗaya cikin kowace uku haka za ta zo. Sanin wannan ne ya hana ni raba su. Na bar su suka sake zagaye.

Wata safiya macen ta fito shan ruwa, na ɗaga murfin akwatin. Ɗan da ya ƙyanƙyashe cikin dare yana kwance a kan bayansa tsakanin ƙwai, tsirara, ja-ja, nauyinsa bai wuce giram 1 zuwa 2 ba, jakar abincin da ke ƙasan wuyansa da ɗan fari-fari alamar uwar ta riga ta ba shi. Idon jaririn bajeriga a rufe yake har wajen kwana 10, amma fatar da ta rufe shi tana da shara-shara. A wajen yayansa da ke gefe, idanun ɗigo biyu ne baƙaƙe ƙirin a ƙarƙashin fata. A wajen wannan babu ɗigon. Sai da na karkata shi wajen haske sannan na ga tudun idon, ruwan hoda mai ɗan ja, kusan launi ɗaya da fatar kansa. Na mayar da shi na rufe akwatin, na rubuta a littafi, amma da alamar tambaya. Jaririn sinamon ma da ido mai ja-ja yake fitowa, sai dai nasa yana yin duhu cikin mako guda, kuma tsohon namijina yana iya kasancewa ya ɓoye sinamon ya ba ɗansa. Mako ya wuce idon bai yi duhu ba. Da tsinin gashin fuka-fuki suka fara fashewa sai ga ruwan ƙasa, ga kuma kore-kore yana tasowa a kuturi, abin da ya kore zancen lutino. Sai a lokacin na goge alamar tambayar.

Samun sa daban, raya shi daban. Ya fi 'yan'uwansa jinkirin girma, ga shi kuma ba shi ne babba ba, manyan suna danne shi wajen karɓar abinci. Da na ga jakar abincinsa tana kwana ba ta cika ba, na ɗauke manyan biyu na kai su sheƙar wata mace mai 'ya'ya sa'anninsu, na bar shi da uwarsa da ƙaramin ƙaninsa. Bajeriga ba ta cika ƙin ɗan riƙo ba in girman ya zo ɗaya, kuma zoben ƙafa ya riga ya tsare mini asalin kowa. Na fi son ɗauke masu ƙarfi a bar mai rauni inda ya saba. Ya fito daga akwati bayan 'yan'uwansa da wasu kwanaki, a nan kuma matsalar gani ta bayyana. Yakan tashi ya nufi sanda ya kuskure ta, ya faɗi ƙasan keji. Na sauko da sandunan ƙasa, na zuba tsaba a faffaɗan faranti a ƙasa inda ba sai ya nema ba, na juya kejin yadda rana ba za ta bugi fuskarsa kai-tsaye ba, kuma na daina sauya wa kwanon ruwa wuri. Da ya haddace kejin sai ya zama kamar kowa.

Abin da ba a cika faɗa wa mai farawa ba shi ne inda zai kai sauran. Haɗin mai ɓoye da mai ɓoye yana ba da fallo kashi 25, masu ɓoye kashi 50, waɗanda ba su da komai kashi 25, kuma kashi 75 ɗin nan na ƙarshe kamarsu ɗaya. Kowane baƙin ido a cikinsu yana da yiwuwar 2 cikin 3 ya zama mai ɓoye, amma ba ka san wanne ba ne. Hanyar ganewa ɗaya ce: ka haɗa shi da fallo ka ga abin da zai fito. Jan ido ɗaya ya isa shaida. In kuwa ba a samu ba, sai an tara 'ya'ya da dama kafin a yanke hukunci, domin mai ɓoye na gaskiya ma yana iya ba da 'ya'ya 6 a jere babu jan ido, sau 1 cikin 64. Wannan gwajin yana cin keji, yana cin abinci, yana cin ƙarfin mace, tunda ba na barin mace ta wuce zagaye biyu ba ta huta ba. Na gwada shi a kan wata mace guda da girmanta da faɗin kanta suka burge ni, ta kuwa ba da jan ido. Sauran na rabar da su ga masu son tsuntsun gida, ina gaya wa kowa gaskiya cewa mai yiwuwa ne kawai, ban tabbatar ba. Na ga masu sayar da irin waɗannan da sunan masu ɓoye tabbatattu, kuma ina ganin wannan ha'inci ne, don shekarar mutum guda ake ɓata masa.

Ana cikin haka na samu wata 'yar budurwar fallo daga wani mai kiwo na daban, ina murna na samu sabon jini. Tana ƙarama a lokacin, kuma idon ƙananan bajeriga duk bai ɗaya yake, farin zoben da ke kewaye ƙwayar ido sai bayan wasu watanni yake fitowa. Tsohon namijina da zuriyarsa suna da wannan zoben, idonsu ja ne mai duhu. Ita kuwa ta girma idonta ja ne mai haske, sumul, babu zobe. Wannan shi ne bambancin da aka sani tsakanin fallon Jamus mai zobe da fallon Ingila marar zobe, akwai ma na Sikotilan. A ido kusan abu ɗaya ne, amma ƙwayoyin gadonsu daban-daban ne, kowanne da mazauninsa. Tunda karanta idon tsuntsu ba kullum yake ba da tabbas ba, na haɗa ta da ɗaya daga cikin jajayen idona don in ji daga bakin ƙwai. Uba jan ido, uwa jan ido, 'ya'ya suka fito baƙin ido gaba ɗaya.

Na kira dattijon na ba shi labari. Ya ce, "Ka ga inda barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ke nan. Kada ka bar ɗaya daga cikin 'ya'yan nan ya shiga layinka." Na ce, "Baba, ai suna ɗauke da duka biyun, ba riba ba ce?" Ya ce in zauna in lissafa. Da na lissafa na gane nufinsa. Idan aka haɗa irin waɗannan da junansu, 7 cikin 16 za su fito da jan ido, amma wasu na Jamus, wasu na Ingila, wani ma duka biyun, kuma a cikin akwati ba mai iya rarrabe su. Bayan zuriya biyu littafin ya tashi daga aiki. Na sa wa 'ya'yan zobe mai launi daban na fitar da su daga kiwo, macen kuma na mayar da ita ga mai ita, tunda shi ne ke da danginta, ni kuma ba ni da kejin riƙe layi biyu.

Yanzu haɗin da na dogara da shi shi ne fallo da mai ɓoye. Rabin 'ya'yan jan ido ne, sauran rabin kuma masu ɓoye ne tabbatattu, babu wanda ake tababa a kansa, babu gwaji. Fallo da fallo yana ba da jan ido ɗari bisa ɗari, kuma na san jarabar da ke cikin hakan, amma a 'yan sheƙun da na gani a wajen masu yin sa, tsuntsayen ƙanƙancewa suke yi, ƙwai marasa ɗa suna yawa, iyaye biyu masu raunin gani kuma ba su cika ciyar da 'ya'ya yadda ya kamata ba. A kejina nakan so uwar ta zama baƙar ido mai ɓoye, uban ya zama fallo, saboda nauyin kwanci da ciyarwar farko a kanta yake. Bayan kowace zuriya biyu kuma nakan ɗauki mafi kyawun namijin fallo in kai shi ga babbar baƙuwar mace wadda ba ta ɗauke da komai, in sake karɓar sheƙa guda ta baƙaƙen ido da gangan. Jikokin tsohon namijin sun fi shi tsawo da faɗin kai a fili, duk da har yanzu ba su kamo baƙaƙen idon da ke keji ɗaya da su ba. A wannan zagayen na sa masu ɓoye biyu da ke ɗauke da gadon shuɗi a layi, domin shuɗi ma laɓewa yake yi, kuma fallo mai shuɗi daga iyaye koraye masu ɓoye duka biyun 1 ne cikin 16.